Kafin Ka Sayar Da Adaidaitar Nan

Assalamu alaikum Anti. Ni direban Adaidaita Sahu ne a Kano, shekarata 38. Matata, uwar 'ya'yana biyu, ta fi shekara tana fama da zubar jini mai yawa duk wata, har ta kai in ta miƙe sai jiri ya ɗebe ta. An yi hoto a wani asibitin kuɗi, aka ce ƙari ne a mahaifa, sai an yi aiki, kuma naira dubu 900 za mu ajiye kafin a ba ta gado. Abin da na tara bai wuce dubu 140 ba. Adaidaitar da nake ja tawa ce, bara na gama biyanta bayan shekara biyu ina kai balas, a rana takan bar mini kamar dubu bakwai in an cire mai da gyara. Yanzu wani ya taya miliyan ɗaya da rabi. Yayana ya ce in mayar da ita gidan iyayenta su yi jinya, wai magani ba wajibina ba ne. Wani aboki ya nuna mini mai maganin gargajiya da ke cewa yana narkar da ƙari, wani kuma ya ce in ci bashi ta waya. Ita kuwa kullum cewa take in bar ta kawai, ta zame mini nauyi. Barci ya gagare ni. In sayar ne, ko yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba maiɗakinka lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya ba ka ladan ɗawainiya.

Amsata a taƙaice ita ce kada ka sayar yanzu. Ban ce kada ka taɓa sayarwa ba, domin akwai halin da za a shiga in ce maka da bakina sayar, ran mutum ya fi ƙarfe. Amma ba ka kai wurin ba tukuna. Likita ɗaya ka gani, farashi ɗaya ka ji, kuma a dunƙule aka faɗa maka shi. Ba ka san tsawon lokacin da jikinta zai iya jira ba, ba ka san nawa aikin yake a wani wurin ba, kuma daga wasiƙarka na fahimci ba ka buɗe baki ka nemi taimakon kowa ba sai shawara. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma duk abubuwan da aka miƙo maka zuwa yanzu masu kaifi ne.

Bari in fara da ita, tunda ita ce a kwance. Macen da ta ce wa mijinta ya bar ta, ta zame masa nauyi, ba ta gaji da rayuwa ba ne, tsoro take ji. Tana ganin ka dawo da daddare kana lissafi a waya kana ajiyar zuciya, ta san ita ce lissafin. Wataƙila ma maganar yayanka ta kai kunnenta, domin irin wannan magana ba ta ɓuya a gida. Yau ɗin nan, kafin ka je ko'ina, zauna kusa da ita ka gaya mata ba inda za ta, kuma tare za ku bi asibiti har a gama. Ka riƙa nuna mata lissafin, kada ka ɓoye. Rashin sani ya fi sanin damun mara lafiya, kuma mata da yawa sun fi mazajensu iya tattali da sanin inda za a samo.

Maganar yayanka kuwa, na san inda ta samo asali. A ƙasar Hausa an saba mace in ciwo ya yi tsanani a kai ta gida, kuma wani lokaci alheri ne, saboda babu mai jinya kamar uwa. Idan bayan aikin ita da kanta ta so ta je wajen mahaifiyarta ta murmure, wannan daidai ne. Abin da yayanka ke nufi daban, yana nufin a sauke kaya a ƙofar wasu. Ba fatawa zan ba ka ba, wannan na malamai ne, amma Allah ya ce a zauna da su da alheri, yana nan a Suratun Nisa'i aya ta 19. Matar da ta yi haƙuri da kai shekara biyu kana kai balas, aka ci da miya aka ci babu, ba ranar da jininta ya ƙare ce za a tuna tana da iyaye ba. Kada ka yi faɗa da shi, yaya ne. Ce masa ka ji, amma ka yanke za ka tsaya mata, kuma kana buƙatar hannunsa a ciki. Sau da yawa mai irin wannan shawara tsoron a tambaye shi kuɗi ne ya sa ya riga ka magana.

Yanzu ciwon kansa. Ƙarin mahaifa, wanda ake kira faibroid a asibiti, tsiro ne na naman mahaifa, kuma kusan dukkansa ba ciwon daji ba ne. Yana da yawa ƙwarai a tsakanin matan Afirka, wasu ma suna ɗauke da shi har su tsufa ba su sani ba. Abin da ke kayar da mace shi ne jinin da take zubarwa wata bayan wata. Jirin da ka ambata alamar ƙarancin jini ce, kuma shi ne abin gaggawa a gidanka, ya fi wuƙar likita gaggawa. Ko da dubu 900 na aljihunka a yau, likitan kirki ba zai shiga da ita ɗakin tiyata jininta na ƙasa ba, sai in dole ta kama. Akwai awon jini da suke kira PCV, kuɗinsa kaɗan ne, ko'ina ana yi. Yawanci an fi son ya kai 30 ko sama da haka kafin a yi aikin da ba na gaggawa ba. A yi mata shi cikin makon nan. Likita zai iya rubuta mata maganin ƙarin jini, da wanda ke rage yawan zubar a kwanakin al'ada. Waɗannan ba sa cire ƙarin, amma suna saya muku lokaci, kuma lokaci ne abin da ka fi buƙata bayan kuɗi. Ta riƙa samun hanta ko nama gwargwadon hali, da wake da zogale da alayyahu. Kada ta kora maganin jinin da shayi, yana hana jiki ɗaukarsa. Kada kuma ta sayi maganin ciwon jiki a kemis da ka, wasu suna da asfirin a ciki, shi kuwa ƙara zubar jini yake.

Sai dai ka riƙe wannan da kyau. In ta suma, ko numfashi ya riƙa yi mata wuya tana zaune, ko zuciyarta na bugawa da ƙarfi ba ta yi aikin komai ba, ko tana jiƙa ƙunzugu duk awa, ko fitsari ya ƙi fita, ko ciwon ciki mai tsanani ya zo da zazzaɓi, to babu sauran lissafi. Ɗauke ta a Adaidaitar nan taka zuwa sashen gaggawa na asibitin gwamnati, ko da tsakar dare ne, ko da ba ka da ko sisi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Na san abin da ke rubuce da abin da ake gani a ƙasa sukan sha bamban, kuma za a miƙo maka takardar sayen magani ko yaya. Duk da haka sanin haƙƙinka na sa ka tsaya da ƙafarka ka yi magana cikin ladabi ba tare da rawar murya ba.

Idan ba a kai nan ba, aikinka na farko shi ne neman ganin likitan mata a asibitin gwamnati. A Kano kana da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da na Muhammad Abdullahi Wase da mutane suka fi sani da Asibitin Nassarawa. Ku tafi da hoton da aka yi da duk wata takarda, ku yi sammako. Za ku yanki kati, za ku bi layi, mai yiwuwa a ba ku rana mai nisa, kuma a asibitocin gwamnati yajin aiki kan tura ranar aiki gaba. Wannan ne farashin da talaka ke biya a madadin kuɗi, amma bambancin abin da za ka kashe yakan kai a jure. Ga tambayoyin da nake so ka yi, ka rubuta su a takarda don kada kwarjinin likita ya sa ka manta: Dole ne sai an yi aikin? In dole ne, wata nawa za ta iya jira ba tare da haɗari ba? Ƙarin za a cire a bar mahaifar, ko mahaifar za a cire gaba ɗaya? Leda nawa ta jini za a nema? Kwana nawa za ta yi a gado? Ita ma ta yi nata tambayoyin, jikinta ne.

Sannan ka roƙi a rubuta maka kuɗin dalla-dalla. A nan nake so in daɗe, domin a nan mutane ke faɗawa rami. Kalmar kuɗin aiki takan ruɗi mutum ya zaci abu ɗaya ne. A ciki akwai kuɗin ɗakin tiyata, da na allurar barci ko ta kashe rabin jiki, da kayan aiki irin su zare da safar hannu da ruwan da ake ƙarawa, da gwaje-gwajen kafin aiki, da jini, da gado, da magungunan bayan aiki. A asibitin kuɗi sukan dunƙule su, wani lokaci kuma bayan an gama a ce ban da jini, ban da magani. A na gwamnati kowanne da tagarsa da rasit ɗinsa, ka biya nan ka koma can. Ka tambaya ƙarara: me ke cikin wannan kuɗin, me ba ya ciki? In an samu matsala aka ƙara kwana, wa zai biya? Za a karɓi rabi yanzu rabi kafin sallama? Babu rashin kunya a cikin waɗannan tambayoyi. Kai da za ka sayi taya sai ka zaga shago uku, balle wannan.

Akwai kuma kuɗin da babu asibitin da zai rubuta maka shi. Lokacin da aka yi wa ƙanwata aiki shekarun baya, mun haɗa abin da aka ce mu kawo cif, muka shiga da murna. Kwana na huɗu muka gane ba mu lissafa komai ba. Abincin mai jinya, kuɗin mota safe da yamma, ruwan zafi, maganin da aka ce babu a ciki sai a waje, masu dubiya da ba za a bar su su koma haka ba, ga mijinta ya rufe shago mako guda. Rauni ya ɗan yi ruwa aka ƙara mana kwana biyar. Abin da muka kashe a gefe ya kusa kamo rabin kuɗin aikin, kuma shi ne ya jefa mu bashi. Ba mu kaɗai ba ne. A 2015 wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya ƙiyasta cewa duk shekara mutum miliyan 33 a duniya ke faɗawa cikin mummunan halin kuɗi saboda biyan tiyata da allurar barci, sannan wasu miliyan 48 kuma saboda kuɗin mota da abinci da masauki kawai. Ka ga na gefen sun fi na tsakiyar kayar da mutane. Don haka duk abin da aka rubuta maka, ka ɗora aƙalla kashi ɗaya cikin uku a kai, ka kuma lissafa kwanakin da ba za ka fita aiki ba. Ka ga kuwa in ka sayar da abin hawan, wa zai riƙa kai abinci asibiti, da me kuma za a saye shi?

Ina so ka cire wa ranka cewa gazawarka ce. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, muna cikin ƙasashen da suka fi kowa a wannan. Tun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira dubu 70 ne, wato mai wannan albashin sai ya yi sama da shekara bai ci bai sha ba kafin ya haɗa abin da aka nema a wajenka. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuwa, kusan duk abin da ake shigowa da shi na asibiti ya tashi. Abin yana ci mini rai, domin nauyin da ya kamata al'umma ta raba an bar wa mutum ɗaya da keke mai ƙafa uku.

Duk da haka akwai ƙofofi, kuma yawancin mutane ba su san da su ba. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin tsohon tsarin inshorar, NHIS. Tana da tsari mai suna GIFSHIP, na wanda ba ma'aikacin gwamnati ba, mutum ya biya na shekara shi kaɗai ko da iyalinsa ko a ƙungiyance. Jihar Kano ma na da tata hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, wadda ke rajistar masu sana'ar hannu, kuma akwai kason marasa galihu da ake biya musu daga asusun kula da lafiya a matakin farko. Je ofishinsu da ƙafarka, kada ka aiki kowa, kada ka ba ɗan tsakiya kuɗi. Faɗi gaskiya cewa matarka na da ƙarin mahaifa, ka tambaya ko tsarin na ɗaukar wannan aiki, kashi nawa, kuma wata nawa ake jira bayan rajista kafin a fara amfana, domin akwai lokacin jira. In likita ya ce za ta iya kai wata uku ko huɗu tana shan magani, to wannan jiran bai zama asara ba. Ko bai ɗauki aikin ba, ka yi wa gidanka rajistar saboda gaba. Macen da aka cire wa ƙari a mahaifa sau da yawa likitoci kan ce haihuwarta ta gaba sai ta tiyata.

Mai yiwuwa ka ji a rediyo ana maganar tiyata kyauta. A Nuwamban 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa, kuma aikin yoyon fitsari an daɗe ana yin sa kyauta a cibiyoyi irin ta Babbar Ruga a Katsina. Waɗannan na haihuwa ne da yoyon fitsari, kada ka ɗora ranka a kansu. Abin da ya fi kusa da kai shi ne ofishin jin daɗin marasa lafiya da ke manyan asibitocin gwamnati, wanda ma'aikata ke kira soshal walfeya. Aikinsu ke nan, su binciki halin mara lafiya, su rubuta a rage masa ko a yafe wani ɓangare, su kuma haɗa shi da masu hali da ƙungiyoyin da ke zuwa biya wa mutane, musamman da azumi. Ba kullum suke da kuɗi ba, amma sunan da ba ya cikin littafinsu ba ya samu ko an kawo. Haka Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha, da kwamitin masallacin unguwarku. Ka rubuta takarda, ka haɗa da ta asibiti mai hatimi, mai unguwa ko liman ya sa hannu.

Na san abin da zuciyarka ke faɗa, kai mai sana'a ne, ba ka saba miƙa hannu ba. Ƙanena, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allah da kansa ya lissafa masu cin zakka a Suratut Tauba aya ta 60, a ciki akwai miskinai da waɗanda bashi ya danne. Mutumin da ke da sana'a amma lalura ta fi ƙarfin samunsa bai zama maroƙi ba don ya karɓa. Kai ma sau nawa ka ɗauki tsohuwa ko mai naƙuda ka ce ta bar kuɗin?

Sai dangi. Kada ka bi su ɗaya bayan ɗaya a waya kana kame-kame, kowa zai ce Allah ya sawwaƙe ya kashe. Nemi babba a gidanku da babba a gidansu matarka su kira zama. Ka ajiye takardar asibiti a tsakiya, ka ce ga abin da ake nema, ga dubu 140 da na tara, ga abin da zan iya ƙarawa duk mako, ga giɓin da ya rage, ga ranar da likita ya bayar. Mutane sun fi ba da hannu in sun ga adadi da rana, kuma sun ga mai abin ya fara zuba nasa. Iyayenta su ji daga bakinka, cikin girmamawa, taimako ka zo nema ba sauke nauyi ba. A samu mutum ɗaya amintacce ya riƙe kuɗin yana rubutawa. Wanda ba shi da kuɗi yana da jini. Asibiti kan nemi dangi su ba da jini a madadin wanda za a ƙara, kuma in ka kawo masu bayarwa abin da zai rage maka shi ne kuɗin gwaji da leda. Samari uku ko huɗu masu lafiya daga tasharku sun sauke maka wani babban kaso. Shi ma yayanka ga inda zai shigo. In kuna adashe a tasha, ko ita tana yi da matan unguwa, a roƙi uwar adashe ta matso da kwasarku gaba, an saba yin haka don lalura.

In har ta kai ga neman taimako a rediyo ko Facebook, to da izininta, kuma ban da hotonta a kwance. Ciwon mahaifa sirrin mace ne, za ta warke ta ci gaba da shiga mutane. Takardar asibiti ta isa, kuma ya fi kyau masu taimako su biya asibitin kai tsaye a kawo rasit, hakan na kashe zargi.

Abu uku kuma ina roƙonka ka nisance su. Bashin manhajar waya ruwa ne tsagwaronsa, wa'adinsa gajere, kuma in ka makara wasunsu kan bi lambobin da ke wayarka suna aika wa surukanka da abokanka saƙon cin mutunci. Abin ya yi yawan da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta sha ɗaukar mataki a kansu. Mai maganin narkar da ƙari kuwa, ba na raina maganin gargajiya, da shi aka raine mu, amma babu wani jiƙo ko gari da aka tabbatar yana narkar da wannan tsiro. Abin da ke narkewa dubu 140 ɗinka ce, jini kuma na ci gaba da zuba, wasu haɗe-haɗen ma su taɓa ƙoda ko hanta a koma neman kuɗin da ya ninka na farko. Na ukun ya fi su haɗari: wanda zai ce maka akwai wani a lungu yana yi a rabin kuɗi. Aikin cire ƙari aiki ne mai zubar da jini. Wurin da babu ƙwararren mai ba da allurar barci, babu jini a ajiye, babu iskar oksijin, babu wutar da za a dogara da ita, ba wurin da za ka kwantar da uwar 'ya'yanka ba ne ko kyauta ne. A Kano akwai hukumar PHIMA da ke rajistar asibitoci masu zaman kansu, takan kuma rufe na bogi. In asibitin kuɗi za ku koma, ka tabbatar yana da rajista, ka kuma san sunan likitan da zai yi aikin da matsayinsa.

To, a ce duk an yi wannan giɓi ya rage. Sai a fara da abin da ba ya kawo abinci: tunkiya, babbar waya, talabijin, fili in akwai. In tana da ɗan kunne ko sarƙar gwal ta ce a sayar, dukiyarta ce, kada ka taɓa sai da daɗin ranta, kuma ka riƙe shi a matsayin bashi a kanka ko ta ce ta yafe. Bayan haka rance marar ruwa daga wanda ya yarda da kai, a rubuta, a sa shaidu, a faɗi abin da za ka riƙa biya duk mako. Mai Adaidaita tasa ta kansa mutum ne da ake iya ranta wa, saboda an san gobe zai fita. Ranar da ka sayar, wannan amincin ma ya tafi.

Yi lissafin da kanka. Dubu bakwai a rana, kwana 26 a wata, dubu 182 ke nan. A shekara ya haura miliyan biyu. Wanda ya taya miliyan ɗaya da rabi ya san haka, kuma ya san a matse kake, shi ya sa ya zo yanzu. In ka sayar ka biya dubu 900, ragowar za ta tafi a jinya da cefane cikin 'yan watanni, ka koma neman ta wani kana kai balas, ga mai jinya a gida da ke buƙatar abinci mai kyau na mako huɗu zuwa shida kafin ta koma aikinta. Amma a wata uku, in ka matse kana ware dubu biyu da rabi kullum, ka ƙara kusan dubu 200 a kan abin da ke hannunka. Haɗa da na dangi, da jinin da aka bayar, da ragin asibitin gwamnati, ka ga dutsen ya fara zama tudu.

Inda zan ce ka sayar shi ne in likitan mata ya duba ya ce ba za ta iya jira ba, jini ya ƙi tsayawa duk da magani, kuma an buga ƙofofin nan ba su buɗe a kan lokaci ba. A nan kada ka yi jinkiri, kada kuma ka yi baƙin ciki. Ko a lokacin ma kada ka sallama wa mai tayin farko. Ka sa shugabannin tasharku su nemo masu saye biyu ko uku, ka kuma nemi sharaɗin a bar maka ita ka ci gaba da ja kana kai balas, don kada a wayi gari ba ka da abin fita.

Abu na ƙarshe, kafin ranar aiki za a ba ku takardar amincewa ku sa hannu. A karanta muku ita da Hausa. Sau da yawa a ciki akwai cewa in jini ya ƙi tsayawa ana tsakiyar aiki, likita na iya cire mahaifar don ceton rai. Ku tattauna wannan ku biyu tun a gida, cikin natsuwa, ta ji daga bakinka cewa ko hakan ta faru matsayinta a wajenka bai ragu ba. Kada ta fara jin wannan magana a kan gadon da ake turawa.

Gobe da safe ku fara da awon jinin. In kun ga likita an rubuta muku kuɗin dalla-dalla, ka sake rubuto mini da abin da aka ce da adadin PCV ɗinta, mu sake zama a kan lissafin. Ka gaishe ta da jiki, ka ce Anti na yi mata addu'a.